Baba da Famfon Zuƙe Baƙin Mai

In ka tambaye ni ko famfon zuƙe ragowar baƙin mai yana da amfani, zan ba ka amsa ba inda-inda, don a garejin babura na buɗe ido. Ga inji dai, amfaninsa bai taka kara ya karya ba. In an yi juye, wato canjin baƙin mai, yadda ya kamata, abin da ke maƙalewa a ciki ɗan kaɗan ne, sabon mai ya haɗiye shi, babur ya ci gaba da harkarsa. Na san haka sarai tun kafin in je kanti, kuma na je na sayo shi.

Garejin na Baba ne. Ni ne autansa, kuma har yau da furfura ta fara leƙowa a gemuna, Auta yake kirana a gaban matata da 'ya'yana. Masu haya da babur kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Mai Tatsa, saboda yadda yake juye. Zai ta da inji ya bar shi yana gurnani har sai ya taɓa jikinsa da bayan hannu ya ji ɗumi. Sai ya kashe, ya buɗe murfin sama, ya kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaya cikin tsohon galan da aka yanke wa gefe. Duk bakanike yana yin wannan. Abin da ya raba Baba da sauran shi ne abin da ke biyo baya: ya sauke babur daga jek, ya kafa gwiwa, ya jingino shi a cinyarsa, ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, yana ɗan jijjiga shi har ɗigon ƙarshe ya faɗo. Mutum zai wuce gareji uku ya zo wurinmu don a tatse masa inji.

Doka ɗaya ce Baba ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a juye da inji a sanyaye. Man da bai ji ɗumi ba kauri gare shi, liƙewa yake a jikin ƙarfe, ka zaci ya gama fita alhali yana can yana gangarowa a hankali. Da wannan dokar aka raine ni, kunnena na hagu shaida ne.

To, gwiwar da ta ɗauki babura tun kafin a haife ni ita ce ta gaji. Wata rana da hantsi wani mai dakon kaya ya kawo ƙaton babur, Baba ya jingino shi kamar kullum, ƙafar ta ce ba ta san zance ba. Babur ya danne shi, bututun hayaƙi mai zafi ya kwanta masa a ƙwauri. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙa wanke ciwon, ita da Inna kuma suka yanke hukunci: ko dai ya bar karkata babur, ko ya bar gareji.

Zaman jinyar nan ne ya tsorata ni. Da farko Baba ya kwance fankar ɗaki ya mayar, ya kwance keken ɗinkin Inna ya mayar, har ya fara harin injin markaɗen maƙwabta. Muka yi ta dariya. Daga baya sai ya daina taɓa komai. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon bango, in ka gaishe shi ya amsa da ka. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin titi ya koma sai an ce "me ka ce?" Na tabbata in aka zaunar da shi a gida gaba ɗaya, ba zai daɗe ba.

Da ya warke ya dawo, na ce ya riƙa kwance noti, ni in riƙa karkatawa. Bai yini biyu a haka ba ya ce shi ba gadi ya zo yi ba. Idonsa ya daina ganin ƙananan kayan kafireto tun tuni, juye ne kaɗai aikin da ya rage nasa tun daga farko har ƙarshe. Ina juya baya sai in ga ya sauke babur daga jek.

Shi ya sa na sayo famfon. Abu ne kamar ƙatuwar sirinji, da siririn tiyo da kwalba mai haske a gindinsa. Ka zura tiyon ta ramin sama har ya taɓa ƙasan inji, ka ja hannun, abin da ya rage ya hau. Kana zaune a kujera za ka yi, babur yana tsaye a kan jek.

Baba ya juya shi a hannu, ya leƙa tiyon.

"Babur ɗin ne ba lafiya, da za a yi masa allura?"

Maƙwabcinmu mai faci, abokin tsokanar Baba tun suna samari, ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso. "Ai kai ne ba lafiya, tsoho. Yaro ya sayo maka magajinka."

"Wannan robar ce magajina?" Baba ya ɗaga murya yadda masu baburan da ke jira a benci za su ji. "Auta, gobe da safe zan yi juye irin nawa. In na gama ka zura abinka. In ya fito da abin da ya cika kofin nan," ya nuna ɗan kofin da muke auna man birki, "na yarda. In bai cika ba, ka mayar wa mai shi, kuma kada a sake yi mini maganar karkata babur."

Masu babur suka ce sun shaida. Ni kuwa na san zai ci, don na riga na gwada famfon a kan injin da na tatse da kaina, abin da ya fito bai wuce cokali ba. In Baba ne ya tatse kuwa, ko cokalin ba zan samu ba.

Da za mu tashi ya ce in bar babur ɗina a gareji. "Da naka za a yi, ba ma wasa da na mutane. Mu taka da ƙafa, yayarka ta ce tafiya tana yi wa gwiwa kyau." Na yi mamaki, don ban taɓa jin ya bi maganar Yaya da son ransa ba.

Labari ya riga mu isa gida. Inna tana ninke wanki a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, na ji ka yi cika baki a gaban jama'a."

"Gaskiya na faɗa."

"To, ga tawa gaskiyar. In ka ci gobe, ka ci zaman gida. Makullin garejin a hannuna zai kwana, kuma ka san ni. Na gwammace in gan ka kana fushi a ƙofar ɗaki da a shigo mini da kai a ɗauke."

Baba ya wuce ya wanke hannu, ya daɗe yana cuɗa sabulu. Na san Inna ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba, na kuma san Baba ba zai janye maganar da ya yi a gaban mai faci ba ko da za a yanka shi.

Washegari ba a daɗe da buɗe gareji ba benci ya cika. Har waɗanda ba su da juye sun zo. Na riga na turo babur ɗina daga ciki na kafa shi a jek tun kafin su iso, don haka kowa ya ɗauka hawansa na yi na zo. Baba ya naɗe hannun riga, ya tura galan ƙarƙashin inji da ƙafa, yana ta zuba wa mai faci baƙar magana. Na sa ƙafa a kik zan tayar masa, sai ya dafa sitiyari.

"Miƙo sifana."

"Baba, injin…"

Ya kalle ni. Kallon da na sani ne tun ina ƙarami, wanda ke nufin in rufe bakina.

"Sifana na ce, Auta."

Na miƙa masa. Ya kwance notin, man ya fito da kauri, a hankali, kamar zuma. Ba wanda ya lura, hankalin kowa yana kan cacar bakinsu da mai faci. Da tsiyayar ta yi siriri ya sauke babur daga jek, ya kafa gwiwa, ya jingino shi. Na zagaya bayansa na tsaya, hannuna kusa da kariyar babur ɗin amma ban taɓa ba. Ina ganin ƙafar tana rawa a cikin wando. Ya karkata dama sosai, ya karkata hagu sosai, ya jijjiga, bai rage komai daga abin da mutane suka saba gani ba. Wani daga benci ya ce, "Mai Tatsa kenan." Baba ya miƙar da babur da kansa, ya ɗaure noti, gumi yana bin wuyansa.

Na ɗauko famfo. Ya ce in dakata ya wanke hannu. Ya wanke, ya goge, ya nemi ruwan sha. Daga nan ya shiga ba mai faci labarin wani babur da suka taɓa tura wa juna gyara shekarun baya, suka yi ta musu a kan wanda ya lalata shi. Baba da ba ya son surutu a kan aiki, ranar sai da masu babur suka fara cewa rana tana yi. Ni ina tsaye da tiyo a hannu, na san abin da man nan yake yi a cikin inji duk tsawon lokacin: gangarowa yake yana taruwa a ƙasa.

"To, zura abinka mu gani."

Na zura, na ja. Baƙin mai ya biyo tiyo ya fara sauka a kwalba. Na sake ja, ya ƙaru. Da na juye shi a kofin, sai da ya cika ya zubo a yatsuna, kuma da saura a kwalbar.

Sai mai faci ya fashe da dariya har yana dafa cinya. "Shekara da shekaru ashe rabin aiki kake yi mana."

Baba ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama yana dubawa, fuskarsa a murtuke. "Duk wannan ni na bari?" Ya girgiza kai. "To, na faɗi. Magana ɗaya nake yi." Ya jawo 'yar kujerarsa da ƙafa ya zauna kusa da babur. "Nuna mini yadda ake jan abin."

Na nuna masa. Ja biyu ya yi ya ce hannuna ya yi gaggawa, a hankali ake yi, kuma tiyon ya kamata a ɗan lanƙwasa bakinsa don ya kai lungu. Kafin azahar ya yi wa mutum huɗu juye a zaune, yana yi wa kowannensu bayanin famfon kamar shi ya ƙera shi.

Da rana ta take benci ya watse, mai faci ya tafi cin abinci, muka rage mu biyu. Yana goge tiyon da tsumma. Na daɗe ina jujjuya maganar kafin in fitar da ita.

"Baba, injin nan a sanyaye yake. A nan ya kwana."

"Na manta."

"Tunda nake ban taɓa ganin ka manta ba."

"Tsufa ne. Ba shi kuke ta faɗa mini ba, kai da uwarka da yayarka?" Bai ɗago ba, ya ci gaba da goge tiyon. Can ya ce, "Ka san abin nan ba ya fitar da abin da ya fi na gwiwata."

"Na sani."

"Ba ya kuma barin abin da ya fi nata. Na duba a na mutum huɗun nan. In da yana cutar mutane, da ko uwarka za ta haɗiye makullin ba zan taɓa shi ba."

Mutumin nan ya zaɓi a yi masa dariya a kan aikin da ya fi kowa iyawa, a gaban mai faci, don kada ya ci musun da zai mayar da shi bakin ƙofa, kuma don kada a ce gwiwa ce ta kayar da shi. Ban taɓa jin ƙaunarsa kamar ta wannan lokacin ba, kuma na san in na faɗa masa zai jefe ni da tsumma. Na sunkuya na shiga tattara sifanu.

Wani saurayi ya turo babur da hannu, ya ce fetur ya ƙare masa a hanya tun safe, yanzu ya samu ya zuba, kuma yana son juye da sabon abin nan da ake ta labari. Yana sauri, ya ce a kwance kawai.

Baba ya miƙa bayan hannu ya taɓa jikin injin, ya janye.

"Saurinka ya jira. Auta, ta da shi ya yi ɗumi tukuna. A garejin nan ba a juye da inji a sanyaye."