Ranar da Jemagu Suka Bar Maƙabarta

"To buga mana! Ga garwar nan, buga su dawo!"

Mwanakombo ta cillo garwar. Ta gangaro ta tsaya a ƙafar ƙanenta.

"Yaya, rage murya," in ji Pandu. "A maƙabarta muke."

"Au, yau ka san maƙabarta ce? Da kake lugude a kan kabarin Inna kamar makaɗin biki, kasuwa ce?"

Pandu ya ɗaga kai. Rassa fayau.

Tun kafin a haife shi jemagu ke yini a itatuwan nan, manya masu jan ƙirji da fuskar kare, suna reto kamar an shanya baƙaƙen riguna. Saboda su baƙi ke baro otal-otal na bakin teku, su keto gonakin kanumfari har wannan ƙauye na tsibirin Pemba. Pandu ne mai nuna musu. Yayarsa kuma tana sayar musu da shayi da ruwan kwakwa a bakin hanya. Da wannan suke ci tun rasuwar Inna.

Sai dai jemage da rana barci yake yi, baƙo kuwa fiffike yake so a hotonsa. Wata rana wani ya yi tafi, suka tashi, sama ta yi duhu, kowa na ihu. Shi ke nan Pandu ya samo garwa. Kullum ya buga su tashi, su kewaya, su dawo. Jiya ya buga. Ba su dawo ba.

"Masunta sun gan su a wani ɗan tsibiri can," in ji ta. "Laka har ƙugu. Kai baƙinka can in ka isa."

"Vuai direba zai kawo wasu baƙin bayan la'asar."

"Sai ka hau reshe ka rataye kanka su ɗauka."

Ta juya za ta tafi, sai ta fasa. Ta yaye zanen da ta rufe kwandonta. Wani ɗan abu ne ciki, bai kai tafin hannu ba, ya manne wa tsumma.

"A kan kabarin Inna na tsince shi. Goyo suke yi yanzu. Uwar ta firgita ta sake shi. Ruwan mangwaro nake ɗiga masa, ya ƙi sha. Kuka kawai."

Pandu ya miƙa yatsa. Ɗan jemagen ya cafke da ƙafafu biyu, ya buɗe baki ya saki wata siririyar ƙara. Har cikin haƙora Pandu ya ji ta. Ya daɗe yana kallonsa.

"In za su fita kiwo, ta kanmu za su bi," ya ce. "Mangwarorin bayan gari da suke ci ai suna nan."

"Sai me?"

"Ba ni shi."

Bayan la'asar motar Vuai ta tsaya. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Sarkin makaɗa! Ina gangar?"

"Ta yi ritaya."

"Mutanen naka fa?"

"Sun yi yaji."

Dariyar ta ɗauke. "Kai, kar ka kunyata ni. Daga nesa na ɗebo mutanen nan."

"Biko zan yi. In za su jira."

Da ɗan Turancinsa na sakandare ya gaya wa baƙin gaskiya: babu jemagu, shi ya kore su. Mai son komawa ga mota. Mai son zama ya zauna a bakin shinge, ba magana, ba hasken hoto. Wani dogo ya yi tsaki ya duba agogo. Wata tsohuwa mai farin gashi ta leƙa kwandon, ta cire takalmanta, ta zauna a tabarmar Mwanakombo. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har dogon.

Pandu ya yi wa mutanen kabari sallama, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya hau itacen da ke kan Inna, ya ɗaure tsumman a reshe da ɗan jemagen manne a jiki, ya sauko.

Rana ta yi ja. Sauro ya fito. Ɗan jemagen yana ta kira. Pandu bai taɓa lura ba cewa wurin nan yana da shiru irin wannan. Ashe jemagun ba don itatuwan suka zauna ba. Itatuwa ai ko'ina akwai.

Sai ga su daga wajen teku. Da fari kamar hayaƙi, sannan suka cika sama. Can ƙololuwa suke, suna wucewa, ko kallon ƙasa ba su yi. Vuai ya girgiza kai, ya laluba makullin mota.

Mwanakombo ta damƙe hannun ƙanenta.

Ɗaya ta fita daga ayari. Ta kewaya itacen, ta yi sama, ta sake dawowa. Dogon ya ɗaga waya, tsohuwar ta danne masa hannu. Uwar ta sauka a reshen, ta tako a kife har wajen tsumman, ta buɗe fiffike ta lulluɓe shi.

Kukan ya tsaya.

Ba ta tashi nan take ba. Wasu biyu suka sauka a reshen sama, suka yi reto kamar masu gwada ƙarfinsa. Sai da ladan ya fara kiran magariba ta saki reshen, ɗan a ƙirjinta, ta bi sauran.

Tsohuwar tana share ido. Dogon ya raɗa wa Vuai wani abu, Vuai ya raɗa wa Pandu: wai ko za a bar su su dawo jibi.

Mwanakombo ta ɗauki garwar ta kife a ka. "Wannan ta koma rijiya," ta ce ƙasa-ƙasa.

Pandu bai ji ta ba. Idonsa na kan biyun nan da ba su tashi ba har yanzu.

"Yaya," ya ce, "in uwar ta je can, kina ganin za ta gaya wa sauran an daina kiɗan?"