Tankin Dakta Wiratmi

Shekara goma sha ɗaya Dakta Wiratmi ta yi tana fama da matsala guda a jami'arsu da ke Surabaya: yadda za a raba robar kwalba da robar bututun ruwa idan sun gauraya. Ido ba ya bambanta ɓarɓashinsu, nauyinsu ma kusan ɗaya ne, amma 'yar robar bututu kaɗan ta isa ta lalata tukunya guda in an zo narkarwa.

A ƙauyensu, Karangsono, da hannu ake wannan aiki. Motocin wata masana'antar takarda ke juye tarkacen robar da ke zuwa cikin tsohuwar takardar da take saye a ƙofar gidaje, mata su baje shi a rana kamar shinkafa, su tsince, su sayar. Da wannan tsinta yayar mahaifiyarta, Bude Sarmini, ta riƙe ta har ta gama karatu. Tsohuwar na da wani tari da ya ƙi jin magani, don in roba ta rikita ta, sai ta kara ta a wuta ta shaƙi hayaƙin ta gane irinta.

Tarin nan ne ya hana Wiratmi haƙura. Daga ƙarshe ta dace. Tanki ne kawai da ruwa, da ɗan sitacin rogo, sai iska da ake hurawa ta ƙasa. Roba ɗaya ta bi kumfa ta taso, ɗayar ta nutse.

"Bu Wiratmi, ki yi wa abin nan rajista da sunanki kafin ki buga," in ji shugaban sashensu, Farfesa Hardjono. "Duniyar nan ba ta san kara ba."

"Pak Hardjono, in na kulle shi, da me matan ƙauyenmu za su buɗe?"

Ta buga shi a mujallar da kowa zai karanta kyauta. Cikin shekara uku masu bincike sama da dubu biyu suka kafa hujja da aikinta. Aka gayyace ta Japan, aka gayyace ta Jamus. Sau biyu ta nemi tallafin ƙera ƙananan tankuna don ƙauye, sau biyu aka ce mata wannan ba sabon bincike ba ne. Amma kujerar farfesa, ba ta ko sha wahalar nema ba.

Ta saya wa Bude sabon zanen batik ta tafi gayyatarta bikin naɗin. Tun daga bakin gari ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: ƙofar gidaje a share tas, ba ko leda. Har ta fara murna.

Ta tarar da Bude a baranda tana ɓare tafarnuwa tare da maƙwabciyarta, Yu Painem.

"Maraba da Farfesa!" in ji Yu Painem, ko tashi ba ta yi ba. "An zo duba aiki? Ai ya yi kyau. Kin share mana gari, har tukunya kin share."

"Painem, kama bakinki," in ji Bude.

"Ni da bakina? To ki gaya mata da kanki."

Bude ta ci gaba da ɓara. "Wata bakwai ke nan mota ba ta zo ba, Nduk, 'yata. Masu masana'antar sun gina tanki a cikin katangarsu, sun ce ya kai girman masallacinmu. Su suke rabawa, su sayar."

"Wa ya ƙera musu?"

"Direban ya ce a takardarki injiniyoyinsu suka gani. Da alfahari ma ya faɗa, wai 'yar garinku ce."

Wiratmi ta zauna a dandamali. "Bude, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce me? Ki mayar da karatun cikinki?"

"Don tarinki na yi shi."

"Ai tarin ya yi sauƙi," in ji tsohuwar. "Mai gidan Painem ya tafi tsibirin Kalimantan yankan kwakwar manja, gida goma sha huɗu sun rufe, ni kuma ina ɓare wa mai abinci tafarnuwa. Amma tari kam, Alhamdulillahi."

Ta karɓi zanen, ta yaba, ta ce gwiwa ba za ta bar ta shiga mota ba.

Ranar naɗin, allon furannin taya murna mafi girma a ƙofar zauren daga masana'antar ya zo. Farfesa Hardjono ya karanto yawan masu ambaton aikinta, aka yi ta tafi. Wiratmi ta gabatar da laccarta daga farko har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba.

Bayan wata biyu ta sa maƙeri ya haɗa mata tankuna biyu, ta kai Karangsono. Ta je masana'antar har sau uku tana roƙon su bar wa ƙauyen ko mota ɗaya a mako. Suka ba ta shayi, suka ɗauki hoto da ita, suka ce za su duba. Tankunan suka yi damina guda a bayan gida babu robar da za a zuba. Da Bude ta gaji da ganinsu, sai ta cire bututun iskar, ta cika su da ruwa, ta fara kiwon tarwaɗa a ciki.