Mai Ƙusa da Injinsa

Da farko na ɗauka wata dabba ce ke nishi a bayan katangata. Ƙiii, sai shiru, sai kuma ƙiii. Ni kuwa ban iya jin abu in ƙyale ba. Na taɓa yini guda ina bin layin tururuwa don in ga inda suke kwana. Na ɗauki tocila na leƙa.

Maƙwabcina ne, wanda muke kira Mai Ƙusa duk da bai taɓa sayar da ƙusa ko ɗaya ba. Yana cikin rumfarsa da singileti, ya rungumi babban wilin injinsa. An ɗaure wilin da waya mai hatimin hukuma, iyakar motsinsa taki ɗaya gaba, taki ɗaya baya.

"Kai, lafiya?"

"Baba, koma ka kwanta. Motsa masa jini nake yi, kar tsatsa ta cinye shi."

Shekara ashirin ya yi yana walda, ya haɗa da kuɗin gonar gado, ya sayo injin nan mai yin ƙusa. Mutum takwas ya yi wa alkawarin aiki. A watan da injin ya iso aka fito da sabuwar doka: ba a kunna inji sai da takardar izini, ba a kuma ba da takardar sai jami'i ya ga injin yana aiki. Karatuna bai yi nisa ba, don haka na ɗauka ni ne ban gane ba. Na tambayi malamin makarantar layinmu, shi ma ya sosa ƙeya.

Shekara huɗu Mai Ƙusa yana fita neman takardar da fayil a hammata. Yau a ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce an haɗe ofishin da wani, a sake cike fom.

"Ka tsinka wayar nan mana!" in ji matarsa. "Kai ka sayi abinka ko su?"

"In na tsinka, ƙwacewa za su yi. Saura kaɗan, sun ce wata mai zuwa."

"Watan nan naka ba ya kamawa."

Da ƙafafunsa suka kumbura, ya sa aka juya masa gado ya fuskanci taga, yana hango rumfar. Ni na gaji aikin wilin. Hannuna ya yi baƙi da mai. Wani lokaci nakan ji kamar injin yana so ya ce wani abu, sai wayar ta shaƙe shi.

"Baba, a hankali," yakan ce ta taga. "Taki ɗaya kawai."

Ranar Talata da hantsi ya cika, fayil ɗin na ƙarƙashin matashinsa.

Bayan sati biyu jami'ai biyu suka zo, da takalma masu ƙyalli. Matar ta faɗa musu. Suka yi mata gaisuwa sosai, sannan babban ya ce tunda sunan marigayi ne a takardun, sai magada su fara nema daga farko.

Da yamma ta kira kafintan layinmu ya toshe ƙofar rumfar da katako. Ya zaro ƙusa daga kwalin da aka shigo da shi daga ƙasar waje, ya buga, ta lanƙwashe. Ya sake zaro wata, ita ma haka. Ya tsaya da guduma a hannu yana leƙen injin ta tsakanin katakai.

"Baba," ya ce, "wai guda nawa marigayi ya ce injin nan yana yi a minti ɗaya?"