Kabarin da Malam Hamman Ya Tare wa Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Malam Hamman ya yi yana rajistara a kotun majistare, kuma bai taɓa ganin wanda ake tuhuma ya ba shi tausayi ba. A wurinsa duk wanda aka gurfanar, wautarsa ce ta kawo shi. To, yau da hantsi ga shi zaune a bencin caji ofis, wando ya sha laka har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya, an jingine shebur ɗinsa a jikin kanta a matsayin shaida.

Yadda abin ya faru ba shi da tsawo. A masallaci ya ji ana cewa ruwan kwana ukun nan ya ƙara cin kwarin da ke bayan maƙabarta, har ya taɓo layin ƙarshe. A layin ƙarshen nan aka rufe matarsa Fanta shekara shida da suka wuce. Rabonsa da wurin kuwa tun ranar jana'izar. Ba ƙiyayya ba ce, kullum dai gobe yake cewa, goben kuma ta ƙi zuwa. Da ya ji ruwa zai tafi da ita, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana korar jama'a su je su rubuto takarda, bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauki shebur da buhunan siminti marasa komai a ciki, ya shiga ta inda katanga ta rushe, ya ƙirga daga bishiyar dogon yaro, ya sami kabari na huɗu gefensa ya fara zaftarewa. Ya duƙa yana cika buhu yana jerawa, yana haki, yana ba Fanta haƙuri a bayyane.

Ƙasar da yake ɗiba kuwa daga jikin kabarin kusa take fitowa, shi bai ma lura ba. Wasu mata a tsallaken kwarin su suka lura. Ihu ɗaya suka yi, "Mai cire sassan gawa!", sai ga 'yan sintiri. Malam Hamman ya miƙe zai yi musu bayani da Turancin kotu, abin da ya jawo masa mari na biyu ke nan.

Sajan Gilbert, wanda ke kan kanta, ya daɗe yana fama da biro yana neman sunan laifin. Malam Hamman ya daure, ya daure, hali dai zanen dutse.

"Ofisa, ba sata ba ce. Kutse a maƙabarta za ka rubuta, da tona kabari. Ɗaurin yana iya kaiwa shekara biyu."

Sajan ya ɗago kai. "Baba, kai ne mai ƙara ko kai aka kawo?"

"Ni aka kawo. Amma in za a yi abu, a yi shi daidai."

Haka ya zauna yana shifta, sajan yana rubutawa, har da gyaran waƙafi. Sai da aka karanta masa ya ji tuhumar ta tsaru tsaf, babu ƙofar da lauya zai bi, sannan ya tuna shi ne wanda ake tuhumar. Aiki mafi kyau da ya yi tun da ya yi ritaya, a kansa ya yi shi.

Ana cikin haka aka shigo da Bappayo, tsohon da ke kula da maƙabartar. Ya dubi mai laifin da kyau, ya yi salati.

"Yallaɓai, wannan ai mijin Hajiya Fanta ne na unguwar Dawaki. Ba matsafi ba ne. Na duba wurin, ba a kai ga kowa ba, gefe kawai ya kankare. Useko, don Allah, a bar mu mu gyara."

Malam Hamman ya ji numfashinsa ya dawo, girman kai ma ya biyo shi a guje.

"Ka ji ko, Ofisa? Kabarin iyalina nake ceto. Doka kuma niyya take dubawa."

Bappayo ya sunkuyar da kai, ya murza hularsa a hannu.

"Alhaji, wancan ba nata ba ne. Wani direba ne baƙo, ya rasu a tasha, ba a san danginsa ba. Tun da aka sa shi ba wanda ya zo masa sai kai yau."

"Na huɗu daga dogon yaro fa. Na ƙirga."

"Bishiyar da ka sani ta faɗa kwari tun bara waccan. Layinsu Hajiya duk ya tafi a daminar bara. Mun bi rafi kwana biyu muna tsince abin da Allah ya sa muka samu, mutum tara, muka haɗa su wuri ɗaya a sama. Sau biyu na aika gidanka. 'Yarka Rumaisa ce ta zo, ta ce kada a tayar maka da hankali, hawan jininka."

Sajan Gilbert ya yage takardar a hankali, ya miƙa wa tsohon rajistaran shebur ɗinsa ba tare da ya dube shi ba. Malam Hamman bai karɓa ba. Cikin kunya da baƙin ciki ya juya wurin Bappayo.

"Bappa, cikin taran nan, tana ciki?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji. Da ka zo a lokacin, kai ne za ka iya ganewa."