Keken Lidiya

Lamine ya baje injunan guda biyu a kan tabarma, ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida, ya tura su gaban tsohon.

"To Baba Isaïe, ga su. Na zagaye kasuwar Tasawa har ƙahwata ta yi ciwo. Wanga na keken lantarki ne, sabo dal. Wancan kuwa na share gilashin babbar mota ne, a tarkace na tsinto shi don ka nace."

Isaïe ya yunƙura ya tokara da gwiwar hannu. Shi ne mai gyaran keke na Kanan Bakashe tun Lamine yana yawo ba wando, amma ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun farkon kaka. A jikin rumbu ga abin da ya ƙera kafin ya kwanta: keke mai ƙafa uku da kujerar roba a tsakiya, inji kawai ya rage. Na matarsa Lidiya ne. Ƙafafunta sun mutu shekaru da yawa, ko soro ba ta leƙawa, majami'a ma sai dai ta jiyo waƙa ta kan katanga.

"Jona mini su in ji," in ji tsohon.

Lamine, wanda sana'arsa cajin waya ce da hasken rana, ya jona sabon da batir. Ya ɗauki ƙugi kamar zai tashi sama, kaji suka watse. Ya jona tsohon injin. Ya juya a hankali, yana ɗan gurnani irin na mage mai barci. Isaïe ya ɗora tafin hannu a kansa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka.

"Wanga za a sa."

"Haba Baba! Wanga ko hawainiya sai ta wuce shi ta waiwayo."

"In ya yi gudu, wa za ya bi ta? Ni so nike in tahi gefenta. Mu bi ta rijiya, mu gaida mutane, mu leƙa gonarmu ta ga gawon nan da ta bari ƙarami. Ka gan ta da farin kallabi, ni da sandata..."

Daga ƙofar ɗaki Lidiya ta yi dariya, tana tsince wake a faifai. "Ku ji shi! Lokacin da nike da ƙahwa, kullum shina gaba ina baya."

"Shi ne nike son in biya."

Lamine ya dubi ƙafafun tsohon, sun rame kamar karan dawa, tausayi ya kama shi. Ya tattara sabon injin ya mayar cikin buhu.

Kwanakin da suka biyo baya, da ya dawo sallar asuba sai ya shiga gidan maƙwabcin nasa da sukudireba. Isaïe na kwance yana ba da umarni, a ɗaure nan, a rage sarƙa, wani lokaci maganar ta ɓace masa ya koma zancen gona, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa kamar za su haɗu a hanya. Ranar Juma'a aka gama. Ya ce a bari sai Lahadi, shi zai raka ta majami'a da ƙafarsa.

Da hantsin Asabar Isaïe ya cika, Lidiya na riƙe da kofin kunun da bai sha ba.

Da aka fito da akwatin gawar, mata suka ce ta zauna, za su dawo su ba ta labari. Wani ya ce a nemo amalanken jaki.

"Lamine," ta kira. "Ɗora ni bisa abin nan."

Ba a taɓa gwada keken da mutum ba, hanyar maƙabarta kuwa rairayi ne zalla. Lamine ya ɗauke ta, ba nauyi, ya zaunar, ya nuna mata maɓallin. Ta gyara farin kallabinta, ta danna.

Keken ya motsa. Ya ratsa soro, ya fito fili, hasken rana ya sa ta ƙifta ido. Masu ɗauke da akwatin sun fara tafiya, ana waƙa ƙasa-ƙasa, Musulmin unguwa na biye a baya. A bakin rijiya rairayi ya kama tayoyin, injin ya yi nishi, Lamine ya miƙa hannu zai tura. Sai keken ya ja kansa ya fita, a natse.

Nan ne Lamine ya lura ba wanda ya rage sauri dominta, ita ma ba ta wuce kowa ba. Tafiyar injin daidai take da takun masu ɗauka. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

Lidiya ta miƙa hannun hagu ta dafa gefen akwatin. Haka suka wuce rijiyar, suka wuce gawon, kafaɗa da kafaɗa, layuka uku na taya suna bin rairayi a gefen sawun mutane.