Gado Biyu, Babu Taga

A Monfalcone, garin masu ƙera jiragen ruwa a Italiya, ba a gina ɗakin jirgi a cikin jirgi. A ƙasa ake haɗa shi, da gadonsa da banɗakinsa har ƙugiyar rataye tawul, sannan injin ɗaga kaya ya sunkuce shi a zura shi cikin jirgin kamar durowa. Kafin nan sai an gina guda ɗaya na gwaji a rumfa, masu jirgin su zo su duba su sa hannu. Da sun sa hannu magana ta ƙare. Abin da ke cikin wannan ɗayan shi za a maimaita sau ɗari bakwai, har da kuskurensa.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku za a sa hannu a kan ɗakin da Nives ta zana. Ba na fasinja ba ne, ɗakunan fasinja manyan masu zane na birnin Milano ke rububinsu. Nata na ma'aikatan jirgi ne, masu wanki da girki da gyaran gado, can ƙasa inda ruwa ke dukan ƙarfe. Shekara biyu ta yi tana fama da bangonsa. Ta cire allon ƙarfen da aka saba sawa, ta kawo wani shafal na alminiyam da roba wanda zai rage wa jirgin nauyin tan arba'in. Injiniyoyin jirgi kuwa marowata ne a kan nauyi, akwai wanda zai sauke surukarsa a tsakiyar teku don ya rage kilo saba'in.

Da safiyar ranar ta biya ta ɗauko mahaifiyarta. Ondina ta yi shekara ashirin da biyu tana gyaran gadaje a irin waɗannan jiragen, wata takwas a teku, biyu a gida, Nives kuma a hannun kakarta ta girma. Matar za ta yi maka awa guda tana ba ka labarin fasinjar da ta ɓoye kare a jaka, amma ka tambaye ta inda take kwana, sai ta ce, "Ɗaki ne kamar kowane," ta koma zancen kifi. Wannan abu ya daɗe yana cin Nives, shi ya sa take so ta ga idon uwar idan ta shiga.

Ondina ta shiga rumfar tana riƙe da gyalenta saboda iska. Ba ta ce ɗakin ya yi kyau ba. Ta buɗe kabad ta shinshina. Ta auna faɗin gado da kamunta. Ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa, Nives tana jin ta tana juyawa a ciki kamar mai neman allura.

"Mai ƙiba zai iya wanke ƙafarsa," ta ce da ta fito. "Wannan kin yi ƙoƙari."

Daidai nan Injiniya Tullio, shugaban Nives, ya leƙo da kofin gahawa a hannu. Ajinsu ɗaya da Ondina a firamare, don haka babu kara a tsakaninsu.

"Ondina, an kawo ki ki ba mu maki ke nan?"

"Kai da shekara talatin kana ƙera jirgi, ko ɗan jirgin fito zuwa Grado nan kusa ka hau sai ka yi amai. Matsa ka ba ni wuri."

Ta cire takalma ta kwanta a gadon ƙasa. Ta juya ta fuskanci bango, ta laluba aljihun rigar sanyinta ta fito da wani ɗan baƙin abu kamar maɓalli, ta ɗora shi a bangon ta saki. Ya zame ya faɗa bayan katifa. Ta tono shi ta sake ɗorawa, ya sake faɗuwa.

"Ke Nives, me ya samu bangon nan?"

"Mene ne wannan, Mama?"

"Maganaɗisu mana. Wata 'yar Honduras ce ta bar min shi da za ta sauka. Ban taɓa ganin bangon jirgin da ya ƙi shi ba."

Nives ta durƙusa a gefen gadon. Tsoro bai riga ya zo mata ba, son sani ne ya fara zuwa. "Me kuke yi da shi?"

Ondina ta dube ta kamar ta tambayi me ake yi da cokali. A jirgi, ta ce, ba a buga ƙusa, ba a shafa gam, duk mako ana zagayen duba ɗakuna. To da me mutum zai rataye safarsa ta bushe? Da me zai kafa zani ya kare fitila in abokin ɗakinsa na barci shi kuma yanzu ya tashi aiki? Takardar aiki, agogo, carbi, duk a bango suke. Wanda ya gama wa'adinsa yakan bar wa na gadon sama nasa, shi ne sallamarsu.

Ma'aikata sittin Nives ta yi hira da su kafin ta zana ɗakin nan. Ta tambaye su abin da suke so a ƙara, suka ce wurin cajin waya da kabad mai zurfi. Babu wanda ya ambaci bango, don ba wanda ya taɓa zaton za a iya ɗauke masa shi.

"Ƙofar ai ta ƙarfe ce," in ji Tullio. "Su liƙa a can."

"Kai a jikin ƙofa kake kwana?"

Tullio ya ja Nives waje, ya rage murya. Shi ba mugu ba ne, mutum ne da ya san yadda ake sa hannu. "Saurara, 'yata. In kika taɓa bangon nan, ko da faɗin tafin hannu, sai an sake gwajin gobara. Mako shida ke nan. Ba za su jira ba, cewa za su yi a koma wa tsohon ƙarfe, shekara biyunki ta bi ruwa. Mutanen da za su zo da ƙarfe uku ba sa yawo da maganaɗisu a aljihu. Ki yi shiru, a jirgi na gaba mu gyara."

Gaskiya ya faɗa, kuma Nives ta sani. Tana son bangon nan kamar me, a kansa ta fara jin ana ambaton sunanta a taro ba a ce "yarinyar nan" ba. Da rana ta sayo burodi da naman alade, ta kasa ci. Ta zauna a kan akwatin katako tana lissafi a bayan takardar burodin: in aka saka falle ɗaya na ƙarfe a gefen kowane gado, tan uku ne kacal. Lissafin ya yi daɗi, amma bai rage ko kwana ɗaya daga mako shidan ba.

Ta koma ciki. Uwar na nan kwance, har ta fara gyangyaɗi.

"Mama, in falle ɗaya kawai zan iya sawa, ina zan sa shi?"

Ondina ba ta yi wani tunani ba. Ta miƙa hannu ta dafa wani wuri daf da matashi, ƙasa sosai.

"Nan ai ya yi ƙasa. Safa ba za ta ratayu a nan ba."

"Safa ta samu wani wurin. Nan kike." Ba ta juyo ba. "Hotonki na shekara shida, da giɓinki. Jirgi goma sha ɗaya, duk a nan nake sa shi. In na juya bango, ta gadon sama sai ta zaci barci nake, ba ta san kuka nake ba. Kowa da nasa a wurin nan, har maza."

Nives ta dubi wurin da uwar ta dafa. Duk shekarun nan ta ɗauka uwar tana mantawa da ita da zarar jirgi ya bar gaɓa, kuma ta riƙe ta da wannan a zuci ba ta taɓa faɗa ba. Ta zaro baƙin alƙalamin da kafintoci ke amfani da shi, ta zagaye hannun uwar a jikin farin bangon.

Ƙarfe uku daidai wakilan masu jirgin suka iso, su uku da takardunsu. Suka buɗe kabad, suka kunna fitila, suka yaba. Babbansu ya riga ya cire murfin alƙalaminsa sai ya sunkuya ya leƙa gadon ƙasa.

"Wannan zanen fa?"

"Datti ne," in ji Tullio da sauri. "Yanzu za a goge."

"Ba datti ba ne," Nives ta ce. "Don Allah kar ku sa hannu yau. Na yi kuskure a bangon nan. Ranka ya daɗe, in ba damuwa, cire takalmanka ka kwanta, zan nuna maka."