Hagun Mma Chimsi

Shekara goma sha tara Mma Chimsi tana suyar ƙosai a layin masu abinci na tashar Kumbungu, rumfa ta uku daga bakin famfo, kuma ba a taɓa samun ta da laifi ba in ban da kaifin baki. Bara da damina babur mai ƙafa uku ya kife da ita a hanyar Tamale, hannunta na dama ya karye gida biyu. Aka kai ta wajen mai ɗori, ya karya ƙafar kaza kamar yadda aka saba, ya ɗaure hannun da ƙafar kazar a rana ɗaya, ya ce duk ranar da kaza ta taka, hannu ya warke. Kaza ta taka cikin sati uku, har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Hannun Chimsi kuwa ya ƙage, yatsun suka dunƙule, ya motse kamar busasshiyar kuɓewa.

Ba ta zauna tana kuka ba. Ta koya wa hagu buga ƙullu da tsame ƙosai, ta koma rumfarta. Hannun dama kuma ta naɗe shi cikin mayafi, ko 'yarta da ke aure a Tolon ba ta yarda ta gan shi ba.

Wata safiya sai ga Magajiya Lansa, shugabar matan layin, ta tsaya mata a ka.

"Chimsi, mun zauna."

"Da ma a tsaye kuke?"

"Bar wasa. Direbobi suna ƙorafi. A miƙa wa mutum abinci da hagu kamar an jefa wa kare? Layin nan gaba ɗaya ake zagi. Ki nemo mai miƙa miki, ko ki bar rumfar."

"Ribar ƙosai ce za ta ciyar da baki biyu?"

"Wannan kuma ke ta shafa. Ki kashe wutarki. In kasuwa biyu ta ci ba ki samo ba, akwai mai jiran wurin."

Kasuwa biyu kwana goma sha biyu ke nan. Chimsi ta yi kwana uku tana zage-zage a tsakar gidanta, ran na huɗu ta tuna da wani shiri da ta taɓa ji a rediyo, wai akwai ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na gunduma, ana kai ƙara kyauta. Kalmar kyauta ce ta fi shiga kunnenta.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara babu iska, da wani siririn mutum mai gilashi, Mista Ziblim. Ya saurare ta har ta gaji don kanta, ya rubuta, ta dangwala da babban yatsan hagu.

"Mma, zan iya ganin hannun?"

"Ƙara na kawo, ɗana, ba asibiti na zo ba. Yaushe za ka tura 'yan sanda?"

"Ba mu da 'yan sanda. Takarda muke da ita, sai kujeru."

"Kujeru."

"Guda goma sha biyu. Ki dawo ran Talata, zan kira su."

Ta fito tana cewa a ranta ai da ma abin kyauta haka yake. Washegari ta je ta rakuɓe a gindin mangwaron da ke tsallaken tasha, don ta ga ko an sa wata a rumfarta. Ba a sa ba. Amma wa za ta gani a bencin Magajiya, ya tanƙwashe ƙafa yana zuba loma? Mista Ziblim! Shinkafa da wake, da taliya a kai, har da ƙwai. Kashegari ma haka, ya ƙara da kokon Mma Sanatu. Rana ta uku har dariyarsa take jiyowa.

"Shi ke nan," in ji ta. "An saye shi da dafaffen ƙwai. Siriri da cin tsiya."

Ta so ta ƙi zuwa ran Talata, sai dai Chimsi ba ta barin faɗa ya wuce ta ko da ta san za a kayar da ita. An jera kujerun a inuwar dogon yaro, bayan ofis. Magajiya ta zo da mata tara, kowacce ta ci ɗaurin biki. Aka durƙusa aka gaisa, ana ta amsawa da naa, naa, irin gaisuwar garin, har sai da aka tambayi lafiyar awaki, sannan Mista Ziblim ya buɗe littafinsa. Ya karanta cewa doka ta hana a raba mutum da sana'arsa saboda wata naƙasa a jikinsa, ya fassara da yarensu na Dagbanci tsaf, ya rufe.

"Takardarka ta yi magana mai daɗi, ɗana," in ji Magajiya. "To ita za ta zo ta sayi abincin?"

Matan suka kwashe da dariya, har da tafi. Chimsi ta harare shi, ta ce a ranta ga amfanin ƙwai nan.

Shi ma dariyar ya yi. Ya cire gilashi yana gogewa da gefen riga.

"Magajiya, abincinki ba shi da na biyu, ni shaida ne. Ran Juma'a da kika miƙo min kwano, da wane hannu kika ba ni?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da dama mana."

"Damarki tana riƙe da ludayi, duk ta yi miya. Da hagu kika ba ni. Ran Asabar ma haka. Mma Sanatu kuwa, duk wanda ya sha kokonta a gabana daga hagu ya karɓa."

"A'aha!" Magajiya ta miƙe tsaye. "Kar ka yi min sharri a gaban mutane! Ai na tallafa! Ba ka ga na sa wuyan hannun dama a ƙarƙashi ba? In dama ta taɓa, ita ta bayar, hagu ɗan aike ne kawai. Wannan ko ɗan yaye a ƙasar nan ta Dagbon ya san shi. Ku 'yan boko sai ci, ba ku kallo!"

"Ko da damar ba ta riƙe da kwanon?"

"Ko da barci take!"

"Ko da ba ta motsi?"

Magajiya ta waiwaya. Ta dubi Mma Sanatu, Mma Sanatu ta dubi ƙasa. Ita da bakinta ta yanke hukunci, kuma a gaban mata tara ba a lashe magana. Ta koma ta zauna a hankali.

Daɗi ya kama Chimsi har ta fara gyara zama don ta yi habaici. Sai ta lura duk idanu sun dawo kan mayafinta. Nan take daɗin ya tsinke. Ashe ƙofar da ya buɗe mata, ba ta shiguwa sai da hannun a waje. Hannun da a da ake jin ƙarar buga ƙullunsa tun daga bakin tasha, shi za ta fitar a gaban waɗannan, su kalla, su kai labari gida-gida. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana amarya, kuma haushin Mista Ziblim ya fi na ranar da ta gan shi da ƙwai.

Ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Mma, doka tana bayanki ko kin fitar ko ba ki fitar ba, kuma ba mai tilasta miki. In kin ce a'a, yau zan rubuta zuwa Tamale mu bi doguwar hanya. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, takan ci watanni."

Watanni, alhali kwana biyu suka rage kasuwa ta biyu ta ci. Ta tuna rumfa ta uku, da baƙin da hayaƙinta ya yi wa kwanon rufi, da direbobin da ke kiran sunanta tun kafin su kashe mota.

Akwai kofin ruwa a kan teburin Mista Ziblim. Ta miƙe ta ɗauke shi da hagu. Ta girgiza kafaɗa, mayafin ya zame. Ta ɗago hannun dama da ƙyar, ta kai dunƙulallun yatsun ƙarƙashin wuyan hagu, ta taka har gaban Magajiya, ta rusuna ta miƙa.

Ba wadda ta yi dariya. Wata a baya ta yi salati a hankali. Magajiya ta sa hannu biyu ta karɓa, amma ba kofin take kallo ba.

"Haka ya zama?" in ji ta. "Ni na ɗauka ciwo ne yake warkewa, kina jan jiki."

"Haka ya zama."

"Rubuta, Ofisa. Rumfa ta uku ta Chimsi ce, duk direban da bai so ba ya je ya ci tayarsa." Ta ajiye kofin a ƙasa, ta kama busasshen hannun ta riƙe a cikin nata, muryarta ta sauka. "Ke kuma, wata tara muna zaune rumfa da rumfa, kina ɓoye mana wannan?"

Chimsi ta dube ta, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"A cikinku wa ta tambaya?"